Iyakar Hannun Mai Rabon Faɗa

A garuruwanmu na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, irin su Wurno da Kantoga da Sundimina da Fagam, inda mutum yakan yi mako bai sa ɗan sanda a idonsa ba in ba ranar kasuwa ba, akwai wata mas'ala wadda kowane baligi zai ci karo da ita ko ba daɗe ko ba jima, amma kaɗan ne suka taɓa zama gaban malami ko lauya suka tambayi hukuncinta, ita ce abin da ya halatta ga mutumin da yake tsaye a gefe ya aikata, sa'ad da wani ya tashi a bainar jama'a yana ta da hankali, ko da ashar da cin mutunci, ko da jifa, ko da kifar da farantan 'yan talla, ko kuwa da zare wuƙa a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Mutane a nan sun rabu gida biyu. Akwai masu cewa ba ruwansu, su ja da baya su naɗe hannu, a wannan zamani ma har su ɗaga waya suna ɗaukar hoto, domin a ganinsu duk wanda ya tsoma hannu a rigimar da ba tasa ba shi ne zai kwana a caji ofis. Akwai kuma masu ganin cewa da zarar mutum ya fita daga hayyacinsa, ko ya keta haddin jama'a, to jininsa da mutuncinsa sun zama ganima, kowa ya zo da sandarsa ya ɗebi rabonsa. Ni a ganina dukkansu sun jahilci abin da dokar ƙasa ta ba su, sun kuma jahilci abin da Shari'a ta ɗora musu, alhali kuwa dokokin nan biyu, duk da bambancin tushensu, sun haɗu a kan magana guda: an ba mutumin gari ikon ya riƙe, an hana shi ikon ya hukunta, kuma ƙarfin da aka yarje masa yana ƙarewa daidai lokacin da haɗarin ya gushe.

Bari mu fara da dokar ƙasa, tun da ita mutane suka fi tsoro, ko da yake ita suka fi ƙarancin sani. A shekarar 1958, sa'ad da Jihar Arewa take shirin karɓar mulkin kanta, gwamnatin Sardauna ta gayyato wani kwamiti na masana shari'a a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da wani babban alƙali daga Pakistan, da Farfesa Anderson na Landan, da wasu manyan Arewa irin su Shettima Kashim, aka ce su duba yadda za a daidaita shari'ar laifuffuka a ƙasar da Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba suke zaune tare. Daga shawararsu aka haifi kundin nan da jama'a suka sani da Final Kot, da abokin tafiyarsa mai bayanin tsarin kamu da gurfanarwa, waɗanda suka fara aiki a 1960. An kwaikwayo su daga na Sudan, shi kuwa na Sudan ya samo asali daga na Indiya na 1860. Shi jihohin Arewa suka gada, har da Jigawa wadda aka yanko daga Kano a 1991.

A cikin wannan kundi, sashe na 60 ya ba kowane mutum haƙƙin ya kare jikinsa da jikin waninsa daga duk laifin da ya shafi jiki, ya kuma kare dukiyarsa da ta waninsa daga sata da fashi da ɓarna da kutse. Saboda haka mai sayar da goro da ya ga ana shirin rotsa wa maƙwabcinsa mai tebur kai, ba sai ya jira abin ya iso kansa ba, doka ta ba shi damar ya tashi ya riƙe hannun mai rotsen. Sashe na 61 ya ƙara da cewa wannan haƙƙi bai faɗi ba don mai kawo farmakin yaro ne, ko mai taɓin hankali, ko wanda ya bugu. Amma nan take, kamar marubutan sun san halin ɗan Adam idan an sakar masa linzami, sai sashe na 62 ya ɗaure haƙƙin da sharaɗin cewa bai taɓa kaiwa ga cutarwar da ta wuce abin da kariyar take bukata ba, sashe na 63 kuwa ya ce babu wannan haƙƙi a inda akwai isasshen lokacin da za a nemi kariyar hukuma. Can gaba kuma, a sashe na 254 da na 255, tare wa mutum hanya ko tsare shi ba bisa ƙa'ida ba laifi ne mai zaman kansa, wanda mai tsarewar zai amsa a gaban alƙali.

Wannan game da kariya ke nan. Game da kamu kuwa, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta Tarayya, ta 2015, wadda Jigawa ta kafa irin tata a 2019, ta faɗa a sashe na 20 cewa mutumin da ba jami'i ba yana iya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, ko wanda yake da dalili mai ƙarfi na zaton ya aikata irin laifin da ɗan sanda zai iya kamawa ba da sammaci ba. Sai dai sashe na 23 ya wajabta masa ya miƙa shi ga ɗan sanda nan da nan, ko ya kai shi ofishinsu mafi kusa; sashe na 5 ya hana a sa wa wanda aka kama ankwa ko a ɗaure shi sai in akwai fargabar zai kai farmaki, ko zai gudu, ko zai cuci kansa, ko kuwa da umurnin kotu; sashe na 8 ya haramta azabtarwa da wulaƙanci, ya kuma hana a kama mutum don bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. In har ɗan sanda mai kaki, wanda ƙasa ta ɗauka ta horar ta kuma rantsar, tsarin mulkin 1999 ya iyakance masa kwana guda ya kai wanda ya kama gaban kotu matuƙar akwai kotu cikin kilomita 40, to ina hujjar wanda zai ɗaure mutum a gindin bishiya tun hantsi har la'asar don yara su yi kallo?

To, mu koma ga abin da muka fi kusa da shi a zuciya, wato littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu tun kafin a haifi kakan Abu Rannat. Fuƙaha'u sun buɗe wa wannan mas'ala babi suka kira shi tunkuɗe mai farmaki, kuma wanda ya sauke Muhtasar na Shaihu Halil zai tuna yadda aka jera sharuɗɗan a taƙaice: ya halatta a tunkuɗe shi, ko da a kan dukiya ne, amma bayan an gargaɗe shi in yana cikin masu fahimtar gargaɗi, ba a nufin kisansa sai an san babu abin da zai tsai da shi sai wannan, kuma ba a ji masa rauni in mutum yana iya kauce masa ba da wata wahala ba. Duba yadda aka fara da baki kafin hannu, aka kuma fifita kaucewa a kan zubar da jini, abin da samarinmu na yau za su kira ragwanci. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya shimfiɗa wannan tsani daki-daki a cikin Ihya'u, inda yake bayanin hani ga mummuna: a fara da tabbatar da abin da yake faruwa, sannan a sanar da mai aikatawa, sannan wa'azi, sannan kausasa harshe, sannan a kawar da ɓarnar da hannu, sannan tsoratarwa, kuma ba a hawa mataki na gaba matuƙar na baya ya wadatar. Malaman Malikiyya kuwa sun sa sharaɗin da ya kamata a rubuta a ƙofar kowace kasuwa, cewa hanin nan kada ya haifar da wani munkari da ya fi wanda ake so a kawar girma.

Akwai hadisai biyu da suka riƙe gefe biyu na wannan magana. Na farko shi ne wanda Buhari ya ruwaito daga Anas, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, da aka tambaye shi yadda za a taimaki azzalumi sai ya bayyana cewa hana shi zaluncin shi ne taimakonsa. Wannan ya isa amsa ga masu naɗe hannu. Ya kuma nuna niyyar da mai riƙo ya kamata ya shiga da ita, domin wanda ka riƙe ɗan'uwanka ne da kake ceto daga abin da zai jawo masa ƙisasi a duniya ko hisabi a lahira, kuma ba a taɓa ceton mutum da fasa masa kai ba. Na biyu shi ne labarin baƙauyen nan da ya shigo masallacin Madina ya tsuguna ya yi bawali a gefe, Sahabbai suka zabura za su afka masa, Manzon Allah ya hana su, ya ce a bar shi ya gama, sannan ya sa aka kwarara guga na ruwa a wurin, ya kira mutumin ya karantar da shi cikin lumana. Ina roƙon mai karatu ya auna wannan da kyau. Wurin ya fi kowace kasuwa alfarma, laifin an gan shi ƙuru-ƙuru babu shubuha, masu fushin kuwa su ne mafifitan al'umma, amma da yake babu ran da yake cikin haɗari, sai aka ga guga na ruwa ya wadatar. Da a ce yau ne wani ya yi haka a ɗaya daga cikin masallatanmu, Allah kaɗai ya san ko zai fita da ƙafafunsa.

Shi kuwa hukunci, babu saɓani a kan cewa na shugaba ne da alƙalansa. Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya bambanta tsakanin muhtasibin da hukuma ta naɗa da mai aikin sa kai, kuma daga cikin bambance-bambancen da ya lissafa akwai cewa na farko yana iya yin ta'aziri a kan munkarin da ya bayyana, na biyu kuwa ba shi da wannan iko. Har waliyyin jini, wanda aka kashe masa uba ko ɗa, kuma Shari'a ta ba shi haƙƙin ƙisasi, in ya je ya zartar da kansa ba da izinin shugaba ba, malamanmu sun ce a ladabtar da shi don ya yi wa hukuma shisshigi. In mai haƙƙi ke nan, to yaya ɗan kallo, wanda ya zo wucewa ya ji ana ihu ya sunkuya ya ɗauki dutse, bai san sunan wanda ake duka ba balle laifinsa? Jigawa ta ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, muna da kotunanta, muna da 'yan Hisba, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya mai da ɗan acaɓa ko mahauci alƙali.

Na taɓa ganin yadda ake yin wannan abu daidai, a wata tashar mota ta yankinmu, kuma wanda ya yi shi ban yi zaton ya taɓa jin sunan Mawardi ba. Wani saurayi ne, da gani ya sha ƙwaya ta gaya masa ƙarya, ya hankaɗe teburin mai shayi, kofuna da gwangwanayen madara suka watse, ya suri wuƙar yankan burodi yana wulwulawa, mata 'yan talla suka tarwatse. Sai wani dattijo ɗan kamasho ya zagayo ta bayansa a hankali, ya damƙe masa hannuwa biyu daidai gwiwar hannu ya haɗe su baya, wani direba ya murɗe wuƙar ya jefa ta ƙarƙashin mota. Duk wannan bai ɗauki lokacin da za a karanta Fatiha ba. Suka zaunar da shi a benci, bayansa jingine da bango. A nan ne aikin gaske ya fara, domin kafin ka ce kwabo samari sun taru, wani da katako, wani da belin mota, suna cewa, "Baba, matsa mu koya masa hankali." Dattijon nan ya tsaya a gaban yaron ya buɗe hannuwan rigarsa, ya ce, "Hankalin da za ku koya masa da katako, ku a ina kuka koyo shi? Wanda zai taɓa shi sai ya fara da ni." Ya aiki ɗan acaɓa ya kirawo mai unguwa da kawun yaron, ya sa aka ba shi ruwa, yaron yana ta "Baba, ku sake ni," shi kuwa yana cewa, "Zauna, ɗana, ba mai dukanka." Da mai unguwa ya iso aka ƙiyasta ɓarnar mai shayi, kawun ya ɗauki lamunin biya, aka tafi da yaron. Abin da dattijon nan ya fahimta, wanda da yawa ba su fahimta ba, shi ne cewa daga lokacin da ka riƙe mutum ya zama amana a hannunka, ka raba shi da ikon kare kansa, saboda haka kare shi ya dawo wuyanka.

Ya kamata kuma a faɗa wa mutane wani abu da likitoci suka sani, cewa riƙo shi kansa yana kisa ko ba a ɗaga sanda ba. Idan aka kifa mutum rubda ciki, aka murɗe hannuwansa baya, ƙato ɗaya ko biyu suka danne masa gadon baya da gwiwa, ƙirjinsa ba zai sami damar buɗewa ya ja numfashi ba, kuma wanda ya sha ƙwaya ko ya gaji da kokawa ya fi kowa bukatar iska a wannan lokaci. Zai yi ta mutsu-mutsu, masu dannewa su ɗauka taurin kai ne su ƙara nauyi, sa'ad da ya yi laƙwas kuwa su ce ya saduda, alhali rai ne yake fita. Shaƙe wuya ya fi wannan sauri, domin jijiyoyin da suke kai jini ƙwaƙwalwa nan suke, daƙiƙu kaɗan mutum ya suma, mintuna kaɗan kuma a rasa shi. A ranar 1 ga Mayu 2023, cikin jirgin ƙasa na birnin Nuyok a Amurka, wani marar galihu mai fama da taɓin hankali ya shiga yana ihu yana tsorata fasinjoji, wani tsohon soja ya shaƙe shi ta baya kimanin minti 6, ya mutu. An gurfanar da sojan, a watan Disamba 2024 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi, amma har yau mutanen ƙasar ba su daina jayayya a kan ko minti na farko da minti na shida hukuncinsu ɗaya ba. A jihar Jojiya kuwa, bayan da wasu mutum uku suka bi wani saurayi baƙar fata a 2020 da sunan za su kama shi, aka harbe shi, sai majalisar jihar ta soke tsohuwar dokarta ta kamun farar hula, wadda take tun 1863, su ukun kuma aka yanke musu ɗaurin rai da rai. Mu da muke da yawa a kowane taro ba mu da uzurin shaƙa ko dannewa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: mutum huɗu, kowa ya riƙe gaɓa ɗaya, a zaunar da shi ko a kwantar da shi ta gefe, fuska a buɗe, ya wadatar ga kowane irin ƙato.

Mafi yawan waɗanda suke ta da hankali a tashoshinmu da kasuwanninmu ba 'yan fashi ba ne. Ko dai masu taɓin hankali ne, ko 'ya'yanmu da ƙwaya da sholisho suka cinye. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan sun kai miliyan 14.3, kuma a shekarar ne gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin. Shi mahaukaci an ɗauke masa alƙalami a Shari'a, Final Kot ma a sashe na 51 bai ɗora masa laifi ba a kan abin da bai san haƙiƙaninsa ba, saboda haka ana riƙe shi ne don a tsare shi a kuma tsare jama'a, dukansa kuwa zalunci ne tsantsa wanda ba shi da ko inuwar hujja. Abin da muka gada na turu da mari, wanda a da ake ganin shi kaɗai ne dabara, ya kai mu ga abin kunyar da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba 2019, inda aka fito da mutum fiye da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa, sannan aka sake ganin irinsa a Daura a watan da ya biyo baya. A watan Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Muna da babban asibitin Tarayya a nan Birnin Kudu, akwai asibitin masu taɓin hankali a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano. Kuɗin motar kai mutum ɗayansu, in unguwa ta haɗa hannu, bai kai kuɗin da take tarawa na sadakar uku ba.

Wanda yake ganin ina tsananta magana, ya tuna da abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo ranar 27 ga Maris 2025, cikin goman ƙarshe na azumi. Mafarauta ne 'yan Arewa, da yawansu daga ƙasar Bunkure, suka taso daga wajen Fatakwal cikin babbar mota za su gida Salla. 'Yan sintirin garin suka tsai da su, suka ga bindigogin farauta, suka yi zaton masu satar mutane ne. Har zuwa nan, in da sun tsaya, suna iya kafa hujja da doka, domin zato ne da za a iya kaiwa gaban ɗan sanda ya warware shi cikin sa'a guda. Amma aka yi kururuwa, gari ya taru, aka kashe mutum 16 aka ƙone. Duk Arewa ta girgiza, kuma ta cancanci ta girgiza. Sai dai gaskiya ɗaya ce ko a bakin wa ta fito: abin da aka yi mana a Uromi, irinsa muke yi wa junanmu duk ranar da aka yi ihun ɓarawo a kasuwa, bambancin kawai yawan gawa ne. Ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto a watan Oktoba 2024 inda ta lissafa aƙalla mutum 555 da taron dangi ya rutsa da su a Nijeriya tsakanin 2012 da 2023, Kudu da Arewa, kuma waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai ga takarda. Allah Maɗaukaki ya yi mana umurni a cikin Suratul Hujurati da mu nemi tabbaci idan an zo mana da labari, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama, ihun kasuwa kuwa labari ne wanda ba a san ko mai kawo shi ba.

Ban jahilci hujjar mutanen ƙauye ba, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa doka ta ce a miƙa nan da nan, to a miƙa wa wa, in ofishin 'yan sanda yana da nisa, hanya ta lalace da damina, in an kira kuma a ce babu mai a mota? Suna cewa sun sha kai ɓarawo da safe su gan shi da yamma yana yawo yana yi musu dariya. Suna kuma cewa wanda ya kai mai laifi shi ake mayarwa abin tuhuma, a yi ta kiransa yana barin gonarsa. Duk wannan yana faruwa, kuma shi ne takin da ɗaukar doka a hannu yake tsiro a kai. A zamanin da ƙasar nan take ƙarƙashin En'e ta Kano, duk da irin zaluncin da aka sani na wancan tsari, wanda ba na marmarin dawowarsa, akwai sarƙa wadda kowa ya san ƙullinta: daga mai unguwa sai dagaci, daga dagaci sai hakimi da dogaransa da 'yan doka, daga nan sai alƙali. A ƙarshen shekarun 1960 aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya zare ikon zartarwa daga hannun sarakuna, amma ba a cike gurbin da aka bari a ƙauye ba. Tsakanin lokacin da aka riƙe mutum da lokacin da hukuma za ta iso akwai sa'a ɗaya ko biyu da babu mai su, kuma a cikinsu ne ake yin duk ta'adin da ake yi. Amma sakacin hukuma dalili ne na a matsa wa hukuma, bai zama lasisin kisa ga kowa ba, kuma wanda ya doki kamamme har ya mutu sashe na 221 na Final Kot yana iya hawa kansa, wanda hukuncinsa kisa ne. An ga irin wannan hukunci a Aluu ta jihar Ribas, inda aka kashe ɗalibai huɗu a 2012 bisa zargin sata, a 2017 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa, cikinsu har da ɗan sanda.

Saboda haka roƙona ga hakimanmu da dagatanmu na Birnin Kudu da Gwaram shi ne su ba waɗannan sa'o'i mai su. A kowace kasuwa da tasha, tun daga Sara har ƙaramar kasuwar ƙauye, a san dattawan da za a damƙa wa wanda aka riƙe, a san rumfar da za a zaunar da shi a inuwa, a san lambar wayar baturen 'yan sanda, kuma 'yan sintiri su san cewa aikinsu na farko bayan kamu shi ne su juya wa kamamme baya su fuskanci taro. Limamanmu su ware huɗuba guda su karantar da babin tunkuɗe mai farmaki yadda yake a littafi, da sharuɗɗansa, ba tare da ragi ba. 'Yan sanda kuma su daina mai da mai rabon faɗa abin tuhuma, su rubuta bayaninsa su sallame shi ya koma sana'arsa da mutuncinsa. Duk wanda kuwa ya ɗaga hannu ya doki mutumin da aka riga aka riƙe, ko ɗan wane ne, dagaci ya rubuta sunansa, a sa shi mota ɗaya da wanda aka kama, a kai su caji ofis tare.